"Yau kaɗai" a bakin shago: dabara ce ko ƙarya?

Yaron shago: Salamu alaikum 'yan kasuwa. Na manna takarda a ƙofar shagon Baba: "Ba mu lambarka, a rage maka dala ɗari (sefa 500) a turmi. Yau kaɗai!" Na ce in ba a matsa ma mutum da lokaci ba, ba ya tsayawa. Baba ya ce in cire. Ku raba mu.

Alhaji mai shadda: Tun Litinin take manne, yau Alhamis. Wace yau ɗin? Mai wucewa kullum ya gane ƙarya ce, gobe in na ce masa shadda ta asali ce sai ya yi murmushi.

Yaron shago: Amma Baba, littafin ya fara cika da lambobi.

Hajiya mai turare: Ɗana, ka kira su ka gani? Mutane da yawa a Maradi na da layi biyu ko uku, Airtel, Moov, Zamani. Wanda ya zo don ragi, layin da ke kwance cikin durowa zai ba ka.

Tela daga Bagalam: Hajiya, ban bi ki duka ba, ragi na jan mutane. Inda yaron ya kuskure daban ne. Saƙon da ake watsawa lokaci guda a WhatsApp, mutum 256 ne iyakarsa, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Ka tara tasu, su ba su da taka. Rubuta taka da manyan baƙaƙe, su fara yi maka sallama.

Hajiya mai turare: Kuma a faɗa musu abin da za su samu. Da ni ce: "Kaya na sauka daga Kantin Kwari, za ki ga hoto kafin a baje. Sau ɗaya a sati, ba damuwa." Ka haɗa da saƙon murya, ba kowa ke karatun boko ba.

Malamin lakwal: Ku ƙara da cewa ba za a ba wani lambar ba. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane.

Yaron shago: Na ji. Amma wa'adi ba zan bari ba, sai dai in sa na gaskiya: har jajibirin sallah.

Alhaji mai shadda: To, rubuta ranar. In ta wuce farashi ya koma yadda yake, ko surukina ne ya zo.