Me ya sa ɗaliban China ba sa rabuwa da WeChat ko sun fito waje?

Ɗaliba a Ingila:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a Manchesta, kuma 'yan China sun yi yawa a ajinmu. An ba mu aiki mu biyar, muka buɗe zaure a WhatsApp, amma biyu daga cikinmu sai su kwana biyu ba su leƙa ba. Da na yi wa ɗayar magana, wadda muke zama tebur ɗaya a laburare, sai ta ba ni haƙuri, ta ce ita komai nata a WeChat yake, wato manhajar hira ta ƙasarsu. Abin ya ɗaure mini kai. A ƙasarsu ne aka toshe Facebook da YouTube, nan kuwa babu mai hana su. Tsoro ne ko sabo?

Tsohon ɗalibi a China:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara da lissafa shekarunta. An toshe Facebook da Twitter da YouTube a 2009, Google ya janye a 2010, Instagram ya bi a 2014 lokacin zanga-zangar Hong Kong, WhatsApp a 2017. Ke nan ta yi wayo ba ta san su ba. WeChat, wanda kamfanin Tencent ya fitar a 2011, da shi take gaida mahaifiyarta, da shi take biyan kuɗi idan ta je gida. Labarai tana gani a Weibo, ɗakin haya ma a Xiaohongshu take nema, duka shafukan sada zumunta ne na China.

Masana biyu, Yuyu Chen da David Yang, sun yi gwaji da ɗalibai sama da 1,800 a Beijing, inda aka ba wasunsu manhajar tsallake shingen intanet kyauta na wata 18. Kusan rabi ba su ma kunna ta ba, kuma kaɗan ne suka nemi labaran waje sai da aka kwaɗaita musu. Wanda bai san an ɓoye masa abu ba, me zai je nema?

Mai bin harkar intanet:
Malam ya yi gaskiya, amma sabo ba shi kaɗai ba ne. A 2016 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano cewa wanda ya buɗe WeChat da lambar China, tace kalmomin da hukuma ba ta so na bin sa ko ya koma lambar wata ƙasa. Saƙo sai ya ɓace a hanya, ba a sanar da kowa ba. A 2019 an ɗaure wani ɗalibin Jami'ar Minnesota wata shida bayan ya koma gida, saboda abin da ya wallafa a Twitter yana Amurka. A 2024 kuma Amnesty ta fitar da rahoton tattaunawarta da ɗaliban China 32 a Turai da Arewacin Amurka, wasu suka ce jami'ai sun je wa iyayensu a gida. Wannan ya fi komai taɓa ni. Yaro yana wata duniya, amma a ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwarsa.

Malama a jami'a:
Don Allah kada mu yi musu kuɗin goro. Bayan gobarar birnin Urumqi na China ta Nuwamban 2022, ɗaliban China a Landan da Sidni da wasu birane sun fito zanga-zanga riƙe da farar takarda, da yawa sun rufe fuska, kuma ta Instagram da Telegram suka riƙa kiran juna. Akwai kuma waɗanda suke goyon bayan gwamnatinsu da zuciya ɗaya. Shawarata, ƙanwata, kada ki tsare ta da tambayar siyasa a gaban 'yan ƙasarsu.

Ɗaliba a Ingila:
Na gode muku ƙwarai. Malama, kin tuna mini wani abu: ranar da aka ambaci Hong Kong a aji ta yi shiru, sai da muka fito mu biyu ta yi magana, a hankali. A lokacin ban gane ba. Yau na roƙe ta ta kunna sanarwar WhatsApp saboda aikinmu, ta kunna a gabana, kuma mun yi alkawarin haɗuwa a laburare duk Laraba.