Cibiya ta naɗe wuyan jaririyata, wai shanya ce ta jawo?

Mai Shayi Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata da asuba Allah ya sauki iyalina lafiya, an samu ɗiya mace, haihuwar fari. Da nas ta fito yi min barka sai ta ce yarinyar ta zo da cibiya naɗe a wuya har zagaye biyu, amma ta zare ta, ba komai. Gabana ya faɗi, sai da na shiga na gan ta jawur tana tsala kuka sannan na dawo hayyacina.

Da yake hanya ta yi nisa, mai jego ba ta tafi gida wanka ba, Inna ce, mahaifiyata, ta taho daga Funtua. Tun da ta ji labarin ta kafe a kan cewa ɗaga hannu wajen shanya ne ya jawo. Gaskiya igiyar gidan hayarmu tana da tsawo, daga taga aka ɗaure ta zuwa ƙarfen tankin ruwa, sai an yi ɗage ake kai mata. Mai jego ba ta iya mayar wa Inna magana, jiya na same ta tana share hawaye. Don Allah masu sani, haka ne? Kuma ya aka yi jaririyar ba ta shaƙe ba? Sannan Inna na so a fara gasa cibiyar da tsumma mai zafi a barbaɗa toka, alhali a asibiti wani ɗan magani suka ba mu a robar matsawa.

Nas daga Mushin:
Wa alaikumus salam. Barka Malam, Allah ya raya. Ka je ka gaya wa mai jego ba ruwan shanya. Hannun uwa ba shi da wata hanya da ta haɗa shi da igiyar cibiya. Igiyar tana kai tsawon santimita 50 zuwa 60, jariri kuma yana iyo ne cikin ruwa, yana juyi yana wuntsila gudidi, musamman kafin ya girma ya cika wurin. Nan yake shiga cikinta da kansa. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa huɗu haka muke gani, mu sa yatsa mu zare ta bisa kai, a ci gaba da aiki.

Ba ta shaƙe ba saboda a ciki ba da hanci ko maƙogwaro take numfashi ba, huhunta bai fara aiki ba sai da ta fito ta yi kukan farko. Cibiyar ce hancinta, ita ce bakinta. Akwai jijiyoyin jini uku a ciki. Babbar tana kawo jini mai iska da abinci daga mabiyiya, ƙanana biyun suna mayar da wanda aka gama amfani da shi. Kuma jinin uwa da na ɗa ba sa gaurayuwa, a jikin mabiyiya ake musayar. Allah ya lulluɓe jijiyoyin da wani abu mai santsi da kauri, in ka taɓa kamar roba jiƙaƙƙiya, shi ke hana su lanƙwashewa. Inda muke jin tsoro shi ne igiyar ta matsu sosai har jini ya kasa wucewa, ko ta riga jaririn fitowa. Shi ya sa muke ta sauraron bugun zuciyarsa lokacin naƙuda.

Toka kam a'a, don girman Allah. Kututturen nan buɗaɗɗen ciwo ne, ta nan ƙwayar tetanus ke shiga, ka ga jariri ya sandare ya kasa kama nono. Na ga wanda tsumma mai zafi ya sale wa fatar ciki ma. Maganin da aka ba ku, in chlorhexidine ne, mai kashe ƙwayoyin cuta, a wanke hannu a shafa yadda suka ce, a kiyaye kar ya je ido. A naɗe bakin nafkin ƙasa da cibiyar ta sha iska. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za ta bushe ta faɗi, kar a ja ta. In ka ga ja yana yaɗuwa kewaye, ko mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, kar ka jira gari ya waye.

Ɗan Alaba Rago:
Malam, ni ba likita ba ne, amma na karɓi haihuwar tumaki fiye da yadda zan ƙirga. Tunkiya wata biyar take yi, in ɗan ya faɗo ya motsa ko ita ta miƙe, cibiyar da kanta take tsinkewa, ta hau lashe shi. Kyanwa ita da haƙori take datsewa. Babu mai gasa musu. Amma ɗan da ya faɗi cikin kashi da laka, irin na damina a kasuwarmu, in ba ka tsoma cibiyar a aidin ba, bayan 'yan kwanaki sai ka ga gwiwoyinsa sun kumbura yana ɗingishi. Na yi asarar biyu haka kafin likitan dabbobi ya ganar da ni.

Hajiya Idi-Araba:
Ɗana, kar ka je ka ce wa mahaifiyarka an ce a waya ba ta iya ba. Ita ta gasa taka, ga ka nan da ranka, haka za ta ce. Ka ɗauke ta ku tafi tare ranar da za a koma asibiti, nas ta faɗa mata da bakinta. Ka bar mata wanka da kunun kanwa, nan fagenta ne. Mabiyiyar fa, kun samu wurin binnewa? Gidajen Legas duk siminti.

Mai Shayi Agege:
Na gode ƙwarai. Hajiya, mun samu, a bayan gidan wani abokina can Sango Ota da ke da ƙasa, na wanke na naɗe a ƙyalle na kai. Ɗazu na karanta wa mai jego amsar nas, har ta yi dariya wajen wuntsila gudidi. Inna ta yarda za ta bi mu asibiti ranar Litinin, amma ta ce tokar tana nan a ƙulle cikin jakarta. Igiyar shanyar kuma na sauko da ita yau da safe, don a zauna lafiya. Suna ranar Talata in sha Allah, wanda ke kusa ya zo.