Ciwon kai ne kawai, sai an je asibiti?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Ƙanwata cikinta wata takwas, kwana uku ke nan kanta na sarawa, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga. Surukarta ta ce ta haɗiyi Panadol biyu ta kwanta, ba a kai ciwon kai asibiti. Ni ma dai na ga kamar da gaskiyarta.

Hajiya Babba: Da gaskiyarta mana. Haihuwa tara na yi a ɗakina, daga jiƙon maganin zaƙi sai Panadol. Wace mai ciki ce ƙafarta ba ta kumbura?

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ba Panadol ɗin ne ya dame ni ba, shi muke ba masu ciki. Amma ciwon kai da kumburi a wata takwas, hawan jini muke fara zargi. In awo ya kai 140/90 sai mu gwada fitsari. Panadol zai lallashi kan, jinin kuwa yana can yana hawa, sai a wayi gari da jijjiga.

Maman Sadik: Anti, kun fi mu sani, amma a je tun asuba a bi layi, a biya kati, a biya gwaji, ƙarshe a rubuto Panadol ɗin nan dai. Mai kemis ɗin layinmu minti biyar ya sallame ka.

Anti Nas: Da me yake sallamar taki? Haɗin ciwon jikin nan da ake ƙullewa a leda, sau da yawa da ibuprofen ko diclofenac a ciki. Tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunne kan shansu daga mako 20, saboda suna taɓa ƙodar ɗan tayi, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Ya taɓa tambayarki watan cikinki nawa?

Maman Sadik: Wannan kam bai taɓa ba.

Hajiya Babba: Ku dai komai sai kun tsorata mutane.

Maman Ilham: Yanzu na kira ta. Wai tun safe take gani dishi-dishi, ga ciwo a ƙasan haƙarƙarinta na dama. Mijin kuma ya yi tafiya.

Anti Nas: Kada a jira shi. A kai ta yanzu, ko a adaidaita ne. Ku tafi da katin awonta.

Hajiya Babba: Wane irin adaidaita, mace da tsohon ciki? Direbana na ƙofar gida, turo kwatance. Maganar maganin zaƙi kuwa ban janye ba, Anti, za mu dawo kanta.