Wane tul na ajiye fayil zan haɗa wa ejan ɗina?

Ɗan Pantami: Salam 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, ina haɗa wani ɗan ejan na AI da zai riƙa rubuta rasit da rahoton ƙarshen wata yana ajiyewa da kansa. Na samu tul guda biyu, wato kayan aikin da ejan ke kira su ajiye masa fayil, a GitHub, shafin da ake ɗora kod, duk masu aiki da MCP, tsarin da ke haɗa ejan da tul, ɗaya bayaninsa layi ɗaya ne tal, ɗayan kuma kamar huɗubar Juma'a. Wanne zan ɗauka?

Injiniya: Wslm. Mai huɗubar.

Maman Ilham: Shi mai layi ɗayan me ya ce?

Ɗan Pantami: Kawai cewa ya yi yana ajiye takarda, sai gurbi biyu, na suna da na abin da za a zuba a ciki

Baban Walid: Ƙanena gudu ka tsira, ni ka gan ni nan irinsa ne ya kusa ja min zagin iyaye. Kun san shagona na buga takardu a Tudun Wada wajen jami'a. Wata ɗaliba ta kawo furojet ɗinta shafi saba'in da wani abu, na ce wa ejan ya gyara min kurakuran babi na huɗu ya ajiye, shi kuwa bawan Allah ya gyara tsaf ya kira tul ɗin da sunan fayil ɗin gaba ɗaya, tul ya danne tsohon ya ɗora babi na huɗu kaɗai a kai, bai tambaya ba bai yi gargaɗi ba, ya dawo da amsar wai an gama lafiya. Ejan ma ya ce min an gama lafiya. Ban farga ba sai da firinta ta fitar da shafi sha ɗaya ta yi tsit. Na buɗe murfi na ɗauka takarda ce ta maƙale. Yarinya na tsaye riƙe da filash ɗinta, jibi difens, shi ma filash ɗin a kansa muke aikin kai tsaye. Abin da ya cece mu tsohon kwafi ne da ta taɓa tura wa malaminta ta WhatsApp sati biyu baya, babu gyaransa ko ɗaya a ciki, muka zauna ni da yarona da jan biron malamin muna mayarwa da janareto har ƙarfe biyun dare. Da na koma na duba bayanin tul ɗin, babu inda aka ce in suna ya zo ɗaya zai goge na da. Ko kalma.

Maman Ilham: Subhanallah. Amma Baban Walid kai ma aiki a kan filash ɗin mutane ba kwafi?

Baban Walid: Hajiya na karɓi laifina, jiki magayi

Injiniya: Abin da mutane ba sa ganewa, ejan ba ya ganin kod ɗin tul, README, fayil ɗin jagora da ke zuwa tare da kod, ma ba shi ake ba shi ba, wannan naka ne kai ɗan Adam. Abu uku ake miƙa masa, sunan tul, ɗan bayanin da ke maƙale da shi, da tsarin guraben da zai cike. Makaho ne, bayanin nan ne sandarsa. Duk abin da ba a faɗa ba cinta zai yi. Kafin ka ɗauka duba ko ya faɗi me zai faru in sunan na nan, wace folda yake iya taɓawa, me yake dawowa da shi in ya gama, in kuma ya kasa ya yake faɗa. Ko write_file na sabar filesystem da masu MCP suka fitar da kansu, a bayaninsa an faɗa ƙarara cewa yana danne fayil ba gargaɗi, kuma sai foldar da ka ba shi izini.

Na Wunti: nifa ban yarda da dogon bayani ba, duk sakon da ka tura sai an hada da bayanin tul din an kirga maka token, wato gutsattsarin kalmomi da ake caji a kansu, da dala ake biya malam

Injiniya: Gaskiya ne ana ƙirgawa. To jimla huɗu nawa za ta ci maka, shafi sittin nawa suka ci wa Baban Walid?

Baban Walid: Fetur kaɗai ya ishe ni bayani

Ɗan Pantami: Yaya Injiniya mai dogon akwai wani abu wai destructiveHint a jikinsa

Injiniya: Yawwa, alama ce ta cewa tul ɗin na iya ɓata abin da ke nan. MCP ɗin a Nuwamba 2024 Anthropic suka fitar da shi, waɗannan alamomin a 2025 aka ƙaro. Amma mai tul ne ke rubutawa da hannunsa, yana iya yin ƙarya ko ya manta. Buɗe folda fanko ka ajiye abu biyu da suna ɗaya ka gani da idonka.

Malama Bolari: Ku ƙara da UTF-8 don Allah, tsarin ajiye haruffa da ke ɗaukar masu lanƙwasa, in bayani bai ambace shi ba ku gwada da ƙ da ɗ da ɓ. Ni nawa duk ya mayar min da su alamar tambaya, sunan yaro Ɗanladi ya koma ?anladi a sakamakon jarrabawa, uban ya zo har ofis.

Na Wunti: ni wannan bai dame ni ba

Malama Bolari: Ai mun gani, kai da ba ka taɓa sa lanƙwasa ba tunda aka buɗe zauren nan. Ranar nan ka rubuta wai za ka kai kara, muka ɗauka na dawa ne

Na Wunti: ku yan Gombe tun 1996 da muka yaye ku baku daina surutu ba, masa ma har yau sai kun zo Bauchi kuke cin ta kirki

Maman Ilham: To ka taho mana da ita ranar Asabar mu yanke hukunci

Ɗan Pantami: Na gwada mai dogon yanzu, da suna ya zo ɗaya ƙin ajiyewa ya yi ya ce akwai fayil ɗin. Amma ƙ ɗin ta fito wata iri da na buɗe CSV ɗin a Excel

Injiniya: Wannan halin Excel ne in babu BOM, 'yar alamar da ke nuna UTF-8 ne, a farkon fayil, buɗe da Notepad ka gani tukuna

Baban Walid: Na Wunti da miyar taushe fa, kada ka zo mana da ita gaya