Fim ɗin Indiya ya hana ni barci jiya

Ɗan Bauchi Road: Salam jama'a. Jiya na kalli Guzaarish na Hrithik Roshan, na 2010, mutum ya shanye tun daga wuya har ƙasa shekara 14, ya je kotu wai a bar shi ya mutu. Wallahi tausayi ya kama ni har na fara goyon bayansa, shin na yi laifi?

Maman Ilham: Ɗan'uwa ai aikin 'yan fim kenan, su sa kiɗa mai taushi har sai ka yi hawaye. Rai na Allah ne. Ni na yi jinyar kakata shekara 3 a Anguwar Rogo, in juya ta in wanke ta in canza zanin gado da asuba cikin sanyin Jos ɗin nan, ko sau ɗaya ba ta nemi mutuwa ba, kunun gyaɗa take nema.

Abban Sadiq: Holan da Beljiyam tun 2002 doka ta yarda likita ya kawo ƙarshen rayuwar majinyacin da ya nemi hakan, da sharuɗɗa. A fim ɗin ma ai kotu ƙi ta yi. Nan kuwa kisan kai ne kawai.

Ɗan Bauchi Road: To cire na'urar numfashi fa?

Abban Sadiq: Wannan daban, in likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu malamai da yawa sun halatta. Allurar da ake yi wa majinyaci don ya mutu ce matsalar.