Shin ana iya gina aikin bincike a fannin kataliz daga Yamai?

Ɗalibin mastar, Yamai

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina shekara ta biyu ta mastar a kimiyyar sinadarai masu kabon, kuma abin da ya fi kama raina shi ne kataliz, wato amfani da ɗan kaɗan na wani sinadari domin hanzarta haɗuwar wasu, ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin aikin ba. Na bi tarihin David MacMillan, wanda ya yi digirin farko a Glasgow, ya kammala doktora a Irvine ta Amurka a 1996, ya ƙara shekara biyu a Harvard, ya kafa ƙungiyar bincikensa a Berkeley a 1998, har aka ba shi kyautar Nobel a kan aikin kataliz tare da Benjamin List a 2021. Ko'ina ya sa ƙafa, kayan aiki na jiran sa. Ni kuwa a ɗakin gwajinmu sai mu yi watanni muna jiran sinadarin da muka yi oda. Ina neman shawararku: in dage a kan wannan fanni, ko in koma binciken magungunan itatuwa kamar yawancin abokan karatuna?

Malamar kimiyya, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ambaci mutanen da tarihinsu ya fi dacewa da halin da kake ciki, sai dai ka tsaya a kan sunayen jami'o'in, ba ka duba abin da suka zuba a cikin kwalba ba. Kafin shekarar 2000, masu son haɗa sinadari mai siffa guda daga cikin siffofi biyu da suka yi kama kamar hannun dama da na hagu, galibi ƙarafa masu tsada irin su rodiyom da ruteniyom suke dogara da su, ko kuma enzim. Da rodiyom William Knowles ya buɗe hanyar sarrafa L-DOPA, maganin cutar Parkinson, a kamfanin Monsanto, kuma a kan wannan aiki ya raba Nobel ta 2001 da Noyori da Sharpless. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗen ƙarfe ba sa jure iska ko danshi, saboda haka sai da akwatin aiki na musamman mai cike da iskar argon. List kuwa ya nuna a 2000 cewa prolin, ɗaya daga cikin amino asid da ke jikin kowannenmu, fari ne kamar gari kuma mai araha, yana iya tafiyar da haɗin aldol, wanda ke ƙulla kabon na sinadari ɗaya da na wani, ya fifita siffa guda. Ana yin wannan a kan tebur, cikin kwalba ta yau da kullum.

Don haka tsadar katalizar ɗin, wato sinadarin da ke hanzarta haɗin, ba ita ce za ta tsayar da kai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Bayan ka ɗiga samfurinka a kan farantin silika, ka sa shi ƙarƙashin fitilar UV, ka ga sabon tabo ya bayyana a saman na farko, abin da ka sani kawai shi ne wani abu ya faru. Kafin ka ce ga sinadarin da ka samu, sai na'urar RMN, mai nuna tsarin ginin sinadari, ta tabbatar, ita kuma tana buƙatar heliyom mai ruwa da wutar da ba ta yankewa. Kafin ka ce ga yawan fifikon siffa ɗaya a kan ɗaya, sai na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai, da bututu na musamman. Sannan akwai zafinmu, wanda littattafan Turai ba su yi lissafi da shi ba: cikin ruwan narkarwa da ake aiki da su, eter yana tafasa a wajen digiri 35, diklorometan a wajen 40, a watan Afrilu kuwa zafin Yamai yakan haura 40. Idan marubuci ya ce ya yi gwajinsa a zafin ɗaki, 20 zuwa 25 yake nufi, kuma fifikon siffa yakan ragu idan zafi ya ƙaru. Ka riƙa rubuta zafin ɗakinka a littafin gwaji kullum.

Shawarata ita ce ka dage, amma ka nemi doktora ta haɗin gwiwa, mai malamai biyu, ɗaya a nan, ɗaya a inda na'urorin suke.

Malamin lise, Tawa

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni dai ina ganin ƙanena zai fi amfanar ƙasa idan ya juya ga katalizar mai ƙwari, wanda ake tacewa a sake amfani da shi. A jiharmu ta Tawa akwai fosfat a ƙasa, kuma masu bincike a Maroko sun daɗe suna gwada fosfat ɗin ƙasarsu wajen tafiyar da haɗe-haɗe irin su Knoevenagel. Ɓawon ƙwai ma, idan aka gasa shi a wajen digiri 900, yana komawa kalsiyom oksid, wanda ke juya man tsirrai zuwa gazuwal. Ga man aduwa, ga na dogon yaro, ga kanwa da yumɓu, babu wanda sai an yi odarsa daga waje.

Mai bincike bayan doktora, Faransa

Malam, ina tare da kai a kan amfani da abin da ƙasa ta ba mu, amma akwai gargaɗin da ya kamata ƙanenmu ya ji tun yanzu. Maƙalolin da ke cewa an gasa wani ɓawo an samu gazuwal sun yi yawa ƙwarai, kuma mai tantancewa a mujalla ta kirki ba zai tsaya a kan yawan abin da aka samu ba. Zai tambaya ko kalsiyom ɗin ya narke ya bi metanol ɗin da ake haɗa man da shi, domin idan ya narke, to ba ƙwarin ne ke aikin ba. Zai tambayi sau nawa aka sake amfani da shi kafin ƙarfinsa ya faɗi, tunda kalsiyom oksid yana shan danshi da iskar kabon da zarar an bar shi a buɗe. Man dogon yaro kuma yakan zo da asid mai yawa, wanda ke haɗuwa da katalizar ya zama sabulu idan ba a fara rage shi ba. Amsa waɗannan tambayoyi ita ce kimiyyar, kuma ita ce za ta sa aikinka ya tsaya a gaban CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, ranar da za ka nemi ƙarin matsayi.

Game da tarihin manyan, ba duka ne suka bi hanyar MacMillan ba. Yves Chauvin ya yi yawancin aikinsa a cibiyar binciken man fetur ta Faransa, ya bayyana a 1971 yadda metatez, haɗin da sinadarai masu kabon ke musayar ɓangarorinsu, ke gudana, Nobel ba ta zo masa ba sai 2005. Richard Heck ya wallafa haɗinsa na ƙarfen faladiyom a 1972, ya yi ritaya a 1989, aka karrama shi a 2010 tare da Negishi da Suzuki. Dukansu sun riƙe tambaya guda a kan yadda ƙarfe ke karya mahaɗi ya ƙulla wani, suka yi shekaru a kanta. Ka kuma ƙarfafa Ingilishinka, domin kusan duk abin da za ka karanta bayan mastar a cikinsa yake.

Ɗalibin mastar, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, da me zan fara a cikin watannin da suka rage mini kafin in kare kundina?

Malamar kimiyya, Yamai

Ka zaɓi haɗi guda wanda an riga an wallafa sakamakonsa, misali aldol na aseton da nitrobenzaldehid da List ya yi da prolin, ka maimaita shi har sai sakamakonka ya daina sauyawa daga gwaji zuwa gwaji, sa'an nan ka canza abu ɗaya tak, ko zafi ko ruwan narkarwa. Ka busar da samfuranka sosai, ka rufe su cikin ƙananan kwalabe masu lamba da kwanan wata, domin malaminka ya aika da su inda za a yi musu RMN. Idan taron shekara na SOACHIM, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Afirka ta Yamma, ya zo, ka nemi gabatar da aikin ko da a kan allo ne, domin a irin wannan zama ake haɗuwa da malami na biyu. Takardun neman tallafin karatu na TWAS, cibiyar kimiyya ta duniya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, da DAAD ta Jamus kuma suna da ranar rufewa, saboda haka ka fara tara wasiƙun shaida daga malamanka tun kafin hutu.