Me ya haɗa masuntan Sin da ɗakin bautar Mazu?

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum 'yan uwa. A kudancin Sin kusan duk tashar masunta tana da ɗakin bautar Mazu. Bauta ce kawai, ko da wani aikin da yake yi musu?

Malamin Gamkale:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Mazu mace ce, sunanta Lin Moniang. A ruwayarsu an haife ta a 960 a tsibirin Meizhou, lardin Fujiyan, ta rasu a 987. Masunta sun yi imani tana ceton jirgin da guguwa ta rutsa da shi, kamar yadda Sarkawan kogin Kwara suke ambaton Harakoi Dikko, aljanar kogin.

Gini kaɗai ba ya sa sabon ɗaki ya tsayu. Sai an ɗebo toka daga kaskon turaren tsohon ɗaki an zuba a na sabon, daga nan ya zama ɗansa. Lokaci-lokaci ana mayar da gunkin Mazu na sabon ɗakin wurin uwar, wato tsohon ɗakin, a ratsa da shi ta cikin hayaƙi. Haka 'yan Fujiyan suka kai ta Taiwan da Singafo, kuma ta wannan toka ake gane tushen kowace tasha.

Hajiyar Wadata:
Malam, bari in ƙara. Kafin a fita teku, don neman yardar Mazu, ana jefa itace biyu masu siffar jinjirin wata, gefe ɗaya a shafe, ɗaya a kumbure. In ɗaya ya faɗi a kife, ɗaya a buɗe, an yarda. Duka a kife, an ƙi. Duka a buɗe, wai dariya ake maka, tambayarka ba ta fito ba. Inda ake kuskure shi ne a cusa tambaya biyu a jifa ɗaya. Babban al'amari kuwa sai yarda ta fito sau 3 a jere.

Ɗan Harobanda:
Yaya Hajiya, ni a ganina kalandar ta fi jifar muhimmanci. Bikin haihuwarta 23 ga wata na uku ne a lissafinsu na wata, kuma masuntan Meizhou suna ajiye raga kwanakin da ke kusa da ranar, daidai lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Hukumar UNESCO ta sa al'adar bautar Mazu a jerinta na al'adun gado na duniya a 2009.

Ƙofar ɗakin teku take kallo, amma kar ka ɗauka ko'ina haka za ka tarar. A Hong Kong, inda ake kiranta Tin Hau, an cike bakin teku da ƙasa, har ɗakinta na unguwar Yau Ma Tei ya koma tsakiyar benaye.